Ranar Sutnans: Minti Ashirin Da Ke Yanke Wa Wahalar Shekaru Hukunci

Duk ɗan kasuwar da ke da ɗa ko ƙane a jami'a ya san wannan waya: "Baba, an sa mini ranar sutnans." Daga nan sai neman kuɗin buga kundi, da ɗaure shi, da ɗinka sabuwar riga, da lemon baƙi. Amma iyaye kaɗan ne suka san abin da ake yi a cikin zauren.

Tun da aka kafa jami'o'in Maraɗi, Tawa da Damagaram a 2010, ba sai yaro ya tafi Yamai ba kafin ya kai wannan matsayi. Ɗalibin da ya gama rubuta kundin bincikensa yakan tsaya gaban alƙalai, galibi malamai uku ko huɗu, ciki har da malamin da ya kula da aikin. Ana ba shi minti 15 zuwa 20 ya bayyana abin da ya gano, yana nuna shafuka a bango da majigin kwamfuta, waɗanda akasari da PowerPoint ake shirya su. Bayan haka sai tambayoyi, sannan a fitar da kowa waje, alƙalai su yi shawara su ba da maki bisa 20.

Mun halarci irin wannan zama ba sau ɗaya ba, kuma kuskure guda muke gani yana maimaituwa. Ɗalibi ya kwashe rubutun kundinsa ya cusa a shafuka arba'in, ya juya wa alƙalai baya yana karantawa. Kafin ya kai ga sakamakon bincike, shugaban zama ya ce lokaci ya cika. Ai ɗan kasuwa ya fi kowa sanin wannan: ba a zazzage wa mai saye buhu duka, a tafin hannu ake nuna masa samfur. Shafuka 12 zuwa 15 sun isa, kowane da magana ɗaya, da manyan haruffa, da jadawali ko hoto inda ya kamata. A gwada a gida da agogo, sau uku ko huɗu, ko da a gaban ƙanne ne.

Sai batun wuta. Layin da ke ba Maraɗi da Damagaram lantarki daga Katsina yake fitowa, kuma ba mu manta da watan Agustan 2023 ba, lokacin da Najeriya ta yanke wutar bayan juyin mulki. Ko ba rikici, wuta na iya ɗaukewa ana tsakiyar bayani. Mai wayo yakan ajiye aikinsa a kile biyu da cikin waya, ya buga shafukan a takarda ya raba wa alƙalai, ya kuma iya maganarsa da ka.

Akwai inda abin ya shafe mu kai tsaye. Yawancin masu karatun tattalin arziki da noma a kasuwanninmu suke samo alƙalumansu: farashin wake da albasa, canjin naira da sefa, yadda rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020 ya taɓa ciniki tsakanin Ɗan Isa da Jibiya, ko Ƙwanni da Illela. Sau da yawa yaro na zuwa da takardar tambayoyi, sai a ɗauke shi ɗan leƙen asirin duwan ko na masu haraji, a kore shi, ko a faɗa masa farashin ƙarya. Ba mu ga laifin mai taka-tsantsan ba. A nemi ya nuna takardar makarantarsa, kuma ba dole a ba shi suna ba. Sai dai lambar ƙaryar nan ita zai haska a bango, kuma cikin alƙalan ba a rasa wanda ya yi cefane jiya. Da ya tambayi inda aka samo wannan farashi, yaron ne zai yi zuru, a ce ya koma ya gyara, wani lokacin har ya rasa zangon bana.

Iyayen da za su halarta su iso da wuri, su kashe waya. Guɗa da ɗaukar hoto sai an faɗi maki.