Ziyarar masana'antun giya a Jamus: abin da ya kamata baƙo ya sani

A Jamus, musamman jihar Bavariya, akan sanya ziyarar ƙananan masana'antun giya cikin shirin karɓar baƙi. Jagora kan zagaya da su yana nuna yadda ake dafa tsiron sha'ir, a zuba yisti ya mayar da sukarinsa barasa. Dokar jihar ta 1516 ta amince ne kawai da ruwa da sha'ir da tsiron hop.

Daga ƙarshe akan miƙa kofuna domin ɗanɗanawa, inda Musulmi kan shiga tsaka mai wuya. Wasu kan nemi wadda aka rubuta wa "alkoholfrei", wato maras barasa, alhali a Jamus tana iya ƙunsar barasa har kashi 0.5 cikin 100. Ɗanɗanawar dai ba dole ba ce, baƙo na iya neman ruwa.