Keke Mai Inji: A Kula Da Ƙafar Baya

Tun da daɗewa masu dabara ke ɗora wa keke inji domin samun sauƙin tafiya. A 1946 Soichiro Honda na Japan ya fara haɗa ƙananan injuna a jikin kekuna, kuma a 1950 aka fito da Cyclemaster a Ingila, wanda injinsa ke cikin ƙafar baya. Yau yawancin irin waɗannan injuna daga ƙasar Sin suke fitowa.

Abin da masu haɗawa kan manta shi ne, ƙafar keke an ƙera ta ne daidai ƙarfin mutum, alhali ƙarfin inji ya ninka wannan sau da yawa. Galibi akan ɗaure faranti mai haƙora 44 a jikin wayoyin ƙafar baya, da roba da noti, sa'an nan sarƙa ta ja shi. Idan farantin bai zauna tsakiya sosai ba, sarƙa takan yi ta faɗuwa, wayoyi su tsinke, ƙafa ta karkace ana cikin gudu.

Saboda haka ya kamata a canza wayoyin da masu kauri, a ɗaure farantin a cibiyar ƙafa in da hali, a kuma tabbatar birkin gaba da na baya duka suna ci. Ma'aikaci ko ɗalibin da ya yi tsumulmular kuɗin waɗannan kaya, ƙarshenta asibiti zai kai su.