Kunkuru a Cikin Gida

A unguwannin Adjamé da Treichville, cikin birnin Abijan, gidaje da yawa tsakar gidansu siminti ne. Wanda ke kiwon kunkuru a irin wannan gida, dole ya san halinsa, in ba haka ba sai ya mutu a hannunsa.

Kunkuru iri-iri ne. Akwai na kurmi, ƙarami, mai son inuwa da laima. Akwai kuma babba na Sahel, wanda ake samu a Nijar da Mali da Cadi da Senegal. Shi ne na uku wajen girma a duniya cikin masu zama a tudu. Nauyinsa yakan wuce kilo 50. A kan wannan ne darasin yau.

Jikin kunkuru ba ya yin ɗumi da kansa kamar na mutum ko na akuya. Daga rana yake samun ɗumi. Idan jikinsa ya yi sanyi, sai ya daina ci, ya daina motsi. A ƙasarsu ta asali yakan sha hantsi da safe, in rana ta take ya shige rami. Amma Abijan gari ne mai ruwan sama da laima, musamman a watannin Mayu da Yuni. Laima da sanyin siminti suna sa masa mura, suna kuma ɓata ɓawonsa.

Saboda haka sai a yi masa shinge mai faɗi da katako, a inda ruwa ba ya kwanciya. A zuba busasshiyar ƙasa da yashi, kada ya kwana a kan siminti. Gefe ɗaya ya kasance da ɗumi, kamar digiri 30 zuwa 35. Ɗaya gefen kuma a kifa masa akwati mai ƙofa domin ya ɓuya. Kada a ajiye shi a ɗaki mai na'urar sanyi. Kullum a fito da shi ya sha hantsi, domin hasken rana ne ke taimaka wa ɓawonsa ya yi ƙwari. Hasken da ya ratso gilashin taga ba ya yin wannan aiki.

Abincinsa ciyawa ne da harawa da ganyen zoɓo. Ba a ba shi shinkafa ko burodi ko nama. A ajiye masa ruwa mai tsabta a faranti marar zurfi. Wanda ya taɓa shi ya wanke hannu da sabulu, domin kashinsa yana ɗauke da ƙwayoyin cutar zawo. Idan hancinsa na yoyo, ko idanunsa sun kumbura, a kai shi wurin likitan dabbobi.

Kunkurun Sahel yana ta raguwa a daji. Tun shekarar 2000 yarjejeniyar CITES ta hana fitar da wanda aka kamo a daji zuwa wata ƙasa don ciniki. Yaro mai hankali ba ya sayen irin wannan kunkuru. Wanda kuwa ke gida, amana ne, don yakan rayu fiye da shekara 50.

Kalmomi
kunkuru: la tortue
ɓawo: la carapace
laima: l'humidité

Tambayoyi
1. Daga ina kunkuru yake samun ɗumi?
2. Me ya sa ba a barinsa ya kwana a kan siminti?
3. Faɗi abinci uku da ake ba shi.