Gizo da Gammo: Injiniyoyin Sojanmu a Yaƙin Bama

'Yan uwa ɗalibai, musamman mu da muke zirga-zirga a Titin Matan Fada da tef da littafin zane a hannu, ga tambaya: me ya haɗa barikin Dalet da na Kalapanzin a Kaduna, da barikin Chindit a Zariya, da Myohaung da Arakan a Legas? Duk sunaye ne da aka ɗauko daga fagen daga na ƙasar Bama, wadda yau ake kira Myanmar, inda kakanninmu suka yi yaƙi da Japan a Yaƙin Duniya na Biyu. Labarin masu bindiga kowa ya ɗan ji shi a bakin 'yan mazan jiya. Wanda ba a cika bayarwa ba shi ne na masu diga da shebur.

A shekarar 1943 Birtaniya ta kafa manyan rundunoni biyu daga sojojin Afirka ta Yamma: Runduna ta 81 da Runduna ta 82. Akwai 'yan Gana, wadda a lokacin ake kira Gwalkwas, da 'yan Saliyo da Gambiya, amma 'yan Nijeriya ne suka fi yawa, kuma da dama daga cikinsu daga Arewa aka ɗebo su. Tambarin Runduna ta 81 baƙin gizo-gizo ne, wato Anansi na tatsuniyar Ashanti, ɗan'uwan Gizo namu. Na Runduna ta 82 kuwa masu biyu ne a gicciye a kan gammo. Wannan gammo ba ado ba ne. Kowace runduna tana da dubban sojoji waɗanda aikinsu ɗaukar kaya a ka: harsasai, abinci, sassan igwa, kayan asibiti.

To, me ya sa aka dogara da ka maimakon mota? Yankin Arakan, a yammacin Bama, duwatsu ne masu gangara da surƙuƙin gora, ga koguna da rafuffukan da ke cika su janye tare da teku. Damina kuwa daga wajen Mayu zuwa Oktoba take zuba, hanya ta koma taɓo. Babbar mota ba ta da wurin bi. Duk inda runduna za ta sa ƙafa, sai injiniya ya riga ta.

Aikin da ya fi fice shi ne hanyar da aka yi wa laƙabi da Hanyar Afirka ta Yamma. Daga ƙarshen 1943 zuwa Janairun 1944, sojojin Runduna ta 81 ƙarƙashin Manjo Janar Woolner suka fasa hanyar jif mai tsawon kusan mil 75, wato wajen kilomita 120, daga Chiringa zuwa kwarin kogin Kaladan. Yawancin aikin da hannu aka yi shi: adda, gatari, diga, shebur, sai nakiya inda dutse ya ƙi. Injiniyoyi su auna gangara su kafa turaku, sauran sojoji su sare su haƙa. Gada kuwa da itacen dajin da gora ake yin ta, don babu wanda zai kawo maka ƙarfe a tsakiyar wannan daji.

Wannan runduna tana cikin manyan rundunonin farko da aka riƙa ciyar da su kacokan ta sama. Jiragen Dakota su sako kaya da laima, amma kafin nan sai an share filin da kayan za su faɗo. Wanda aka ji wa rauni kuma, ƙaramin jirgi ne ke ɗauke shi, shi ma sai an daidaita masa filin sauka. Ka ga ran majinyaci ya rataya ne a kan awon wanda ya daidaita ƙasa.

Ina sojojin kundumbala suka shigo? Ta hanya biyu. Na farko, a ƙarshen 1943 an cire birged guda daga Runduna ta 81, mai bataliyoyi uku na Nijeriya, ta 6 da ta 7 da ta 12, aka haɗa ta da dakarun Chindit na Janar Wingate waɗanda ake saukewa ta sama a bayan abokan gaba. Na biyu, a Janairun 1945 Birged ta 3 ta Kwamando, wadda ta ƙunshi kwamandojin sojan ruwa na Birtaniya, ta sauka ta teku a Myebon da Kangaw don ta tare wa Japanawa hanyar gudu. Masu koro su daga arewa su ne namu. A cikin watan nan ne rundunonin biyu suka karɓe Myohaung, tsohon birnin sarautar Arakan, sannan Runduna ta 82 ta ci gaba da dannawa kudu, tana gyara hanya da mashigai tana tafiya.

Sai dai akwai ɗaci a labarin. Hafsoshi kusan duk Turawa ne, albashin baƙin soja bai kai na farar fata ba, kuma littattafan tarihin yaƙin sun daɗe suna tsallake sunan waɗannan mutane. Da yawa sun dawo gida da sana'a a hannu, tuƙi, kanikanci, kafinta, gini, amma ba kowa ya samu aiki ba.

Gadon yana nan. Har gobe sojan Nijeriya na da Runduna ta 81 a Legas da ta 82 a Inugu, ga makarantar injiniyoyin soja a Makurɗi.

Mu da ake yawan yi wa gori da bambancin babbar difloma da digiri, wannan tarihi namu ne. A Kaladan ba takarda aka tambaya ba, gadar ce za ta ɗauki jif ko ta karye. Idan akwai tsohon da ya je Bama a zuri'arku, ko lambar yabonsa tana ajiye a adaka, ku tambayi manya, ku rubuta abin da suka riƙe, ku kawo wa wannan mujalla kafin 15 ga Janairu, ranar tunawa da 'yan mazan jiya. Allah Ya jiƙan waɗanda suka kwanta dama.