Lauya a Kan Jinga: Yadda Ake Rage Kuɗin Shari'ar Saki a Amurka

A Amurka aure ba ya mutuwa da takardar da miji ya rubuta ya miƙa wa matarsa. Ko da limami ne ya ɗaura shi, muddin an yi masa rajista da hukuma, alƙalin kotun jiha ne kaɗai zai warware shi, kuma galibi sai an daddale batun gida, bashi, kuɗin fansho da riƙon 'ya'ya. Wannan yana daga cikin abubuwan da ke ɗaure wa mutanenmu mazauna can kai. A jihar Kalifoniya kuɗin shigar da ƙara dala 435 ne a yawancin kotuna, kuma ko ma'auratan sun daidaita a kan komai, sai an cika wata shida kafin auren ya ƙare a idon doka. Wannan duk mai sauƙi ne. Inda aljihu ke yagewa shi ne ofishin lauya.

Lauyan Amurka da awa yake sayar da aikinsa. Kafin ya buɗe fayil ɗinka sai ka ajiye kafin alƙalami, sau da yawa dubban daloli, yana aiki yana zaftara daga ciki. Akasarinsu sun kasa awa gida goma, minti shida-shida. A ce yana karɓar dala 300 a awa. Ka buga masa waya ka yi tambayar minti biyu, an rubuta maka dala 30. Ya karanta saƙonka, wata 30. Ya zauna a bencin kotu yana jiran a kira shari'arku, agogo bai tsaya ba. Mai ɓacin rai kuwa ba ya rasa abin faɗa, sai ka iske rabin kuɗin ya tafi wajen ba lauya labarin abin da surukai suka yi. Gwamnati ma ba dole ba ne ta ɗaukar wa mutum wannan nauyi. Hukuncin Kotun Ƙoli na 1963 da ya wajabta ba talaka lauya kyauta ya tsaya ne a kan wanda ake tuhuma da laifi, saki kuwa ba laifi ba ne. Shi ya sa a mafi yawan shari'o'in iyali a ƙasar, aƙalla ɗaya daga cikin ma'auratan shi kaɗai yake tsayawa gaban alƙali.

Da can zaɓi biyu ne kawai: ko ka damƙa wa lauya shari'ar ɗungurungum, ko ka shiga kotu da ƙafarka da bakinka. Wani lauyan harkokin iyali a Kalifoniya, Forrest Mosten, shi ya yi fice wajen yaɗa hanya ta uku tun shekarun 1990, har Ƙungiyar Lauyoyin Amurka ta buga littafinsa a kan batun a 2000. A 2002 ƙungiyar ta gyara ƙa'idarta ta aiki, ta fayyace cewa lauya yana iya taƙaita aikinsa ga wani sashe na shari'a, in taƙaitawar ta dace da halin da ake ciki kuma mai shari'ar ya yarda bayan an fahimtar da shi. Kotunan Kalifoniya suna da fom na musamman, FL-950, wanda lauya ke cikawa ya shaida wa alƙali iyakar abin da ya zo yi, misali zaman kuɗin ciyar da yara kawai. Idan ya gama, ya fita.

Duk wanda ya taɓa gini da guminsa ya san dabarar. Kai da yaranka kuna iya jido da kwaɓa da ban ruwa, amma harsashi da linta sai birkila, kuma da jinga ake biyansa. Haka wannan tsari yake. Kai za ka tara takardu, ka bi layi a ofishin magatakarda, ka lura da ranakun zama. Lauya kuma ka saye shi don shawarar awa ɗaya ko biyu, ko ya rubuta maka takarda mai sarƙaƙiya, ko ya koya maka yadda za ka yi magana gaban alƙali, ko ya tsaya maka a zama guda mai zafi.

Na ga amfanin wannan a wajen wata 'yar uwa da na taya shiri kafin ta je ganin lauya. Muka baje takardu a kan tabarma: na albashi gefe guda, na haraji gefe guda, na banki da na bashin gida da na mota kowanne da faifansa. Ta rubuta tambayoyinta a takarda ɗaya, mafi nauyi a sama. Na ce mata, "Yaya, in kin shiga kada ki fara da tarihin auren, ki fara da gidan." Ta yi dariya ta ce ai tarihin ne ke cin ta. Amma ta bi shawarar, kuma kafin awar ta cika ta san abin da doka ta ba ta da abin da ba ta ba ta ba. Sauran fom-fom kuwa a ofishin taimako na kotu ta cike su, domin kowace babbar kotun gunduma a Kalifoniya tana da jami'in da ke taimaka wa marasa lauya kyauta, ko da yake ba ya tsaya wa kowa.

A ganina, in kuɗin mutum na awa biyu ne kacal, to ya kashe su wajen sa lauya ya karanta yarjejeniyar rabuwa kafin ya sa hannu. Nan ne kuskure ba ya gyaruwa da sauƙi. Kalifoniya tana ɗaukar kusan duk abin da aka samu cikin zaman aure a matsayin na mutum biyu, raba-daidai, har da kuɗin fanshon da aka tara a wurin aiki. Sai dai kamfanin da ke riƙe da fanshon ba ya sakin ko sisi sai da wani umarni na kotu na daban, mai nasa sharuɗɗan. Mutane da dama sai bayan shekaru suke gano ba a yi shi ba. Ga kuma ƙa'idar shekara goma: wadda aurenta ya kai shekara goma tana iya karɓar kuɗin tsufa na gwamnati bisa aikin tsohon mijinta in ta kai shekara 62 ba ta sake aure ba. Wadda ta yi gaggawa aka kashe auren saura 'yan watanni ya cika goma ta yi asarar wannan.

Tsarin yana da nasa ramukan. Abin da ba ya cikin jinga ba ya wuyan lauya. A Ingila, inda aka janye tallafin gwamnati daga yawancin shari'o'in iyali a 2013, wata mata ta ɗauki lauya don ta tsara mata yarjejeniyar da ta riga ta ƙulla da mijinta yadda kotu za ta karɓa. Daga baya ta yi nadamar rabon, ta kai lauyar ƙara cewa ba ta gargaɗe ta ba. A 2015 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce lauyar ta yi abin da aka ɗauke ta yi, ba ta da laifi. Haka kuma ranaku suna kanka. A Kalifoniya wanda aka kai wa sammacin saki kwana 30 gare shi ya ba da amsa, in ya yi sakaci ana iya yanke hukunci ba da shi ba.

Ɓoye dukiya ma ba dabara ba ce. Wata mata a jihar ta ci dala miliyan 1.3 a cacar gwamnati a 1996, ta nemi saki bayan 'yan kwanaki ba tare da ta bayyana kuɗin ba. Da asiri ya tonu, alƙali ya ba tsohon mijin kuɗin gaba ɗaya.

Akwai kuma waɗanda wannan hanya ba tasu ba ce: wadda ake duka ko ake razanarwa, wanda yake zargin an ɓoye kadara, wanda takardar zamansa a ƙasar ta rataya a kan auren, da wanda Turancinsa bai kai na kotu ba. Irin waɗannan su nemi cikakken lauya, ko ƙungiyoyin da ke ba marasa hali lauya kyauta.

Ga wanda rabuwarsa ta zo da sauƙin rigima, shawarata ita ce ka tambayi lauya tun a wayar farko ko yana karɓar aikin jinga, domin ba duka ke yi ba. In ya amsa, a rubuta abin da zai yi da abin da ya rage naka, da kuɗin kowanne, ku sa hannu, ka riƙe kwafinka. Allah ya sa a rabu lafiya, ya kuma kare 'ya'ya daga zafin rigimar iyaye.