Layin Baƙin Mai a Ƙofar Ruwa

Tun kafin ka hango rumfunan, hancinka zai gaya maka ka iso. A kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano, kusa da masu rodi da masu kayan gyaran mota, 'yan baƙin mai sun jera galan-galan har rufi: Total, Mobil, Castrol, Oando, da Ammasco da ake haɗawa a nan Kano. Daɓen ya yi baƙi ƙirin saboda ɗigar mai. Yaran shago na zaune bakin duro da mazurari da gwangwanin awo, suna jiran mai sayen lita ɗaya.

Cinikin kusan kullum iri ɗaya ne. "Alhaji, wanne za a kawo?" "Ba ni mai kauri, wanda zai jure zafin nan namu." Sai a miƙo masa 20W-50. Wani ma sai ya ɗiga a yatsa ya murza, in ya ji danƙo ya gyaɗa kai.

Al'adar tana da tushe. Fijo 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna, da tsofaffin motocin zamaninta, sun yi rayuwarsu lafiya da mai kauri, kuma a kansu manyan makanikanmu suka koyi sana'a. To amma motocin Kwatano da suka cika titi yau ba haka aka ƙera su ba. Duba murfin wurin zuba mai na Honda Accord ta 2003, za ka ga 5W-20. Camry ta 2012 kuwa 0W-20 take so. Hanyoyin mai a cikin injinsu matsattsu ne, kuma da matsin man ake sarrafa lokacin buɗewar bawul. Ka ɗura musu mai kauri, da safe sai ya yi nawa kafin ya kai saman inji, ƙarfe na gugar ƙarfe, shan fetur ya ƙaru. Abin da ke min ciwo shi ne mai motar yana ganin gata ya yi mata.

Lambar da ke manne da W tana nuna saurin gudun mai a sanyi. Ta biyun kuma kaurinsa ne a zafin digiri 100, kusa da zafin da inji ke aiki a kai, ko a Kano yake ko a Jamus. Saboda haka ranar bazara ba ta isa hujjar yin watsi da littafin mota ba. In kamfani ya yarda a ƙara kauri a ƙasashe masu zafi, a littafin zai faɗa.

'Yan kasuwar da suka san aikinsu bayan galan suke juya maka. Nan ake ganin matakin ingancin mai na API: SN ya fito a 2010, SP a 2020. Motocin Jamus sun fi tsauri, Marsandi na neman irin su MB 229.5, Volkswagen kuma 502 00. Ko an rubuta sintetik da manyan baƙaƙe, in babu lambar da motarka ke nema, bar musu kayansu. Sintetik mai ne mai kyau, ya fi jure zafi, ba ya saurin daskarewa ya zama kwalta a inji, amma tsadarsa ba ta maye gurbin lamba. Mai babur kuma JASO MA zai nema, don kulocinsa a cikin mai yake, man mota na iya sa shi santsi.

Sai jabu, wanda shi ne babban abokin gaban masu gaskiya a wannan sana'a. Akwai masu bin gareji suna sayen galan da aka juye, su cika shi da tsohon mai da aka tace, su liƙe baki. Shi ya sa mai hankali ke duba hatimin murfi da alamar hukumar SON, ya tsaya a yi juyen a gabansa, a canza filta, sannan ya sa wuƙa ya huda galan ɗin kafin ya bar wa yaron gareji.