MUTANEN DA SUKA RAƊA WA DODANNIN STAR WARS SUNA

A cikin fim ɗin nan na Star Wars, wanda Ba'amurke George Lucas ya fitar a 1977, an nuna wata mashaya maƙil da halittu iri-iri, wani da kai kamar guduma, wani kore mai ƙwala-ƙwalan idanu. Yawancinsu ba su yi ko minti ɗaya a gaban 'yan kallo ba, ba a kuma faɗi ƙabilarsu ko duniyar da suka fito ba.

Haka aka bar su har shekara goma. Bayan fim na uku a 1983 labarin ya yi sanyi, har wasu suka ɗauka ya mutu ke nan. Ana nan sai a 1987 wani ƙaramin kamfani mai suna West End Games ya sami izinin shirya wasan da ake yi a kan tebur, inda kowane ɗan wasa zai ɗauki matsayin wani jarumi. To, irin wannan wasa ba ya yiwuwa sai an san kome dalla-dalla: gudun kowane jirgi, ƙarfin kowace bindiga, asalin kowane dodo. Abin da fim bai faɗa ba dole marubutan kamfanin, irin su Bill Slavicsek, suka ƙaga. A littattafansu ne mai kan guduma ya zama ɗan ƙabilar Ithorian, koren nan kuma ɗan Rodian.

Abin mamaki, waɗanda aka ɗauka don su tattara bayani su ne suka koma masu kafa shi. Lokacin da Timothy Zahn ke rubuta ƙagaggen littafinsa Heir to the Empire, wanda ya fito a 1991, kamfanin Lucas ya aika masa da tarin littattafan wasan nan don ya bi abin da ke ciki. Shi ma ya ƙara nasa: sunan Coruscant da ya sa wa babban birnin daular, Lucas da kansa ya karɓa ya yi amfani da shi a fim ɗin 1999.

Da littattafai suka yi yawa, sai saɓani ya shigo. Saboda haka a 2000 aka ɗora wa Leland Chee aikin kula da wani kundi na kwamfuta da ake kira Holocron, inda aka jera labaran daraja-daraja, maganar Lucas a sama, ta sauran marubuta a ƙasa, kamar dai yadda masana tarihi kan auna ruwaya.

Amma mai abu da abinsa. A 2012 kamfanin Disney ya sayi kamfanin Lucas a kan kuɗi wajen dala miliyan 4,000, a watan Afrilu na 2014 kuma ya sanar cewa duk waɗannan littattafai sun fita daga sahihin labari, sun koma almara. Masu karatun da suka shafe shekaru suna haddace asali da salsala sun ji ciwon abin ƙwarai, ba kuwa za a ga laifinsu ba.

Sai dai sunayen ba su gogu ba. Mai kan guduma yana nan a Ithorian ɗinsa, Thrawn kuma, shugaban mayaƙan da Zahn ya ƙaga, an dawo da shi cikin shirin talabijin na Rebels a 2016.